Injin haƙar ma'adinai mai rimot: yana raba mutum da haɗari ne, ko wurin tsayuwa kawai yake sauya masa?

Tun da bidiyoyin nan suka fara yawo a TikTok da Facebook, waɗanda ake ganin mutum tsaye can gefe da wani ɗan akwati rataye a wuya, eskabeta kuma tana ta kwasar ƙasa ba kowa a kujerar direba, masu harkar ma'adinai da fasa dutse a Kaduna suke ta maimaita tambaya ɗaya: in na sayi irin wannan, na raba yarana da mutuwar rami ke nan? Dillali zai ce maka eh, har da rantsuwa. Direban katafila zai ce an dai zo raba shi da abincinsa. Wani kuma ya ce kayan ƙasar sanyi ne, ba za su jure ƙurar nan tamu ba.

Tambayar ba ta raha ba ce. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da mahaƙa a Galkogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, aka ɗauki kwanaki ana fama da aikin ceto. Duk mai ramin zinare a Birnin Gwari, ko mai neman duwatsu masu daraja a yankin Jama'a da Sanga, ko mai wurin fasa dutse a bayan garin Kaduna, ya san abin da ya faru can zai iya faruwa a nasa. Don haka in aka ce ga injin da zai shiga wurin haɗari ya bar mutum a waje, dole a saurara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rimot yana fitar da mutum daga wani haɗarin ya tsayar da shi a bakin wani, kuma wannan na biyun ba mu saba da shi ba.

Wane inji ake nufi?

Iri uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai wanda mai sarrafa shi yake tsaye yana kallonsa da idonsa daga tazarar wasu mitoci, akwatin sarrafawa a ƙirji ko a ƙugu. Shi ne na cikin bidiyo, shi ne kuma wanda aljihun ɗan kasuwarmu zai iya kaiwa gare shi: ƙaramar eskabeta, feloda, injin huda dutse, ko irin ƙananan injinan fashe-fashe da kamfanin Brokk na Suwidin ya yi suna a kansu. Akwai wanda mai sarrafawa yake zaune a ɗaki ko cikin kwantena, ba ya ganin injin sai ta kamara. Sai na uku, wanda kwamfuta ce ke tuƙi, mutum sa ido kawai yake yi. Irinsa ne kamfanin Rio Tinto yake amfani da shi a yankin Pilbara na Ostareliya, inda manyan motocin ɗaukar tama suke zirga-zirga babu direba, masu lura da su kuma suna zaune a birnin Perth, kusan kilomita 1,500 daga wurin. Ko a Afirka ta Yamma an yi irinsa a mahaƙar zinare ta Syama da ke kudancin Mali, da injinan kamfanin Sandvik.

Waɗancan manyan sai da aka shimfiɗa musu hanyoyinsu, aka kafa musu layin sadarwa na kansu, aka killace wurin da ba kowa ke shiga ba muddin suna aiki, aka ajiye injiniyoyi dare da rana. Wanda ya nuna maka bidiyon Ostareliya don ya sayar maka da ƙaramar eskabeta mai rimot, wani abu daban ya nuna maka. Maganarmu a nan ta na farkon ce, sai ɗan taɓa na biyu.

Abin da yake magancewa da gaske

A ba shi haƙƙinsa. Akwai ayyukan da zaman mutum a cikin inji shi ne haɗarin kansa: kwasar dutse a gindin bangon da aka tayar wa nakiya bai gama zubowa ba, aiki a leɓen rami mai zurfi bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, fasa ƙaton dutsen da ya toshe bakin injin niƙa, ko tono a wurin da ya riga ya rufta ana neman waɗanda ƙasa ta danne. A irin waɗannan wurare in bango ya zabtare, ƙarfe aka yi asara. Mai sarrafawa kuma ya huta da jijjiga da ƙarar da ke cin baya da kunnen direbobi a hankali, kuma yana iya tsayawa inda iska ba ta kaɗo masa ƙura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ainihin dalilin da aka ƙirƙiri fasahar.

Mutumin da ya fito daga ɗakin direba

To amma a duba inda mutumin ya koma. Ɗakin direba na injin kirki ba don inuwa kawai aka yi shi ba. An ƙera ƙarfensa ne yadda zai jure kifewar inji da faɗowar dutse. Mai rimot ya bar wannan kariya. Yanzu ƙafa biyu gare shi a ƙasa, hular kwano in an yi sa'a, kusa da ƙarfe mai nauyin tan da yawa wanda shi da kansa yake motsawa.

Eskabeta mai tan 20 tana iya zagaye kanta cikin daƙiƙa 5 ko 6, hannunta kuma yana miƙewa kusan mita 10. A bayanta akwai ƙaton ƙarfen nauyi da ke juyawa tare da ita, wanda ido ba ya kansa domin kowa bokitin yake kallo. Mai sarrafawa zai fara aiki daga nesa yadda aka koya masa. Can sai ya ga ba ya hango bakin bokitin da kyau, ya matso taku biyu. Ƙura ta taso, ya ƙara matsowa. Injin ya zo ratsa wani matsatsi tsakanin bango da tulin ƙasa, ya bi shi a gefe don ya ga sarƙar da injin ke tafiya a kanta ba ta goga ba. A daidai wannan wurin, tsakanin inji da bango, mutane suke mutuwa.

Ba hasashe ba ne. A ramukan kwal na Amurka an daɗe ana sarrafa injinan yankan kwal da rimot, kuma hukumar kula da lafiyar mahaƙa ta ƙasar ta lissafa mutum fiye da 30 da irin waɗannan injina suka matse ko suka buge har lahira daga 1984 zuwa lokacin da ta fitar da sabuwar doka a 2015. Da yawansu masu riƙe da rimot ɗin ne da kansu, sun shiga kusa yayin da suke matsar da injin daga wani wuri zuwa wani. Dokar ta tilasta a sa wa injinan na'urar da ke gane mutum ya kusato, ta yi gargaɗi, in ya ƙara matsowa ta tsayar da injin. Ƙasar da take da horo da sufetoci da kotuna ke nan. Mu da muke shirin farawa ba mu da dalilin zaton namu zai zo da sauƙi.

Akwai kuma wani ruɗani da sai wanda ya riƙe akwatin yake saninsa. In injin ya ba ka baya, damarsa damarka ce. Da ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta koma hagunka. A eskabeta abin ya fi haka rikici, domin saman yana iya juyawa ya bar sarƙar tana kallon inda take, sai ka tura sandar gaba injin ya taho baya. Direban da ya shekara goma a kujera yana jin injin a jikinsa: in sarƙa ɗaya ta fara nutsewa, ƙugunsa ne zai fara gaya masa. Mai rimot ba ya jin komai sai abin da idonsa ya gani, kuma kafin ido ya ga inji ya karkata, ya riga ya karkata. Shi ya sa ƙwarewa a tuƙin katafila ba ta isa shaidar iya rimot ba. Sabon koyo ne, a fili, ba kowa kusa.

Shi kansa mai sarrafawa yana tafiya ne idonsa na kan inji, wani lokaci da baya da baya, a wurin da ke cike da tsofaffin ramuka da loto, wato siririn ramin haƙa mai zurfi, da ciyawa ta rufe. Ya kamata tun kafin a tayar da inji a zaɓi wurin da zai tsaya, a share shi, a tabbatar ba gindin bango ba ne kuma ba leɓen rami ba, sannan in zai sauya wuri ya tsayar da injin tukuna.

Sai sauran jama'ar wurin. Mun saba da cewa in ba kowa a kujerar direba, inji a kashe yake. Lebura zai zo ya zauna a inuwarsa, mai tallan abinci ta ratsa ta bayansa, yaro ya leƙa ƙarƙashinsa. Injin rimot yana iya zama shiru sannan ya motsa ba tare da an ga wani ya hau ba. Saboda haka ake sa masa fitila mai walƙiya da ke nuna yana ƙarƙashin rimot, da ƙaho kafin ya motsa, a kuma killace filin aikinsa da igiya ko tulin ƙasa, a ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kawai hana shiga. A wuraren haƙarmu inda kasuwa take ci a bakin rami, wannan shingen ya fi kowace na'ura wuyar samu.

Tambayar da za a fara yi wa dillali

Yawancin masu saye nisa suke tambaya. "Mita nawa yake kaiwa?" Dillali ya ce, "Alhaji, ko daga bakin titi ka tsaya zai ji ka." Nisan da ido ba ya gani da kyau ba shi da amfani ga mai aiki da ido. Tambayar da ta fi ita ce: in sigina ta yanke, me injin zai yi?

Rimot ɗin talabijin in batirinsa ya mutu, tashar da ake kallo ita za ta ci gaba. Na inji dole ya zama akasin haka. Akwatin da ke hannu da na'urar karɓa da ke jikin inji suna magana da juna ba ƙaƙƙautawa, ko ba a taɓa komai ba, kuma da zarar injin ya daina jin akwatin, saboda batir ko nisa ko wani dutse da ya shiga tsakani, ya kamata ya tsaya da kansa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, birki ya kama, hannu ya daskare inda yake. Kuma in siginar ta dawo kada ya ci gaba da kansa, sai mutum ya sake ba shi izini.

Wannan ba abin da za a yarda da shi daga bakin mai sayarwa ba ne. Gwada shi ake yi kafin kuɗi su fita. A kai injin fili, kowa ya ja baya. A sa shi tafiya a hankali, yana cikin tafiyar a zare batirin akwatin, a ga taku nawa zai ƙara. A mayar da batirin a ga ko zai motsa ba a ce masa ba. A sake tayar da shi, a danna jan maɓallin gaggawa na akwatin, sannan a gwada na jikin injin, domin dole ya kasance akwai a duka biyun. A saki sandunan sarrafawa ana tsakar juyi, a ga ko suna komawa tsakiya da kansu injin ya tsaya. A karkatar da akwatin sosai kamar mai shi ya yi tuntuɓe ya faɗi. Nagari yana da na'urar da ke gane hakan ta kashe motsi. A ƙarshe a maimaita gwajin zare batir a kan ɗan gangare da kaya a bokiti, domin injin da ya tsaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana iya silalewa a gangare. Dillalin da ya ce kada a yi waɗannan gwaje-gwaje wai za a lalata masa kaya, ya riga ya ba da amsa.

A nemi takardu kuma. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 15817 da aka rubuta musamman don sarrafa injinan tono da rimot, da ISO 17757 ta masu tuƙa kansu. Ostareliya da New Zealand suna da tasu ta injinan ma'adinai mai lamba 4240. Ba sai mai saye ya haddace su ba. Ya dai tambayi wacce aka bi, a nuna masa a rubuce, tare da littafin aiki cikin harshen da bakanikensa zai iya karantawa. Tambarin da aka manna a jikin akwati ba shaida ba ce, kowa na iya buga sitika.

Zangon rediyo, layin waya da nakiya

Rimot ƙaramin gidan rediyo ne, kuma kowace ƙasa da yadda ta raba zangonta. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka sukan yi aiki tsakanin megahaz 902 zuwa 928, wanda a can an bar shi ga irin waɗannan na'urori, a nan kuwa ya shiga cikin zangon 900 na kamfanonin wayar salula. In aka kawo irinsa, a dajin da babu sabis zai yi lafiya lau, a matso kusa da eriyar kamfanin waya ya fara yankewa, ga kuma saɓa doka. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce take tantance na'urorin sadarwa kafin a yi amfani da su a ƙasar nan, don haka a tambayi zangon tun kayan ba su taso ba, ko ta Legas za su shigo ko ta tashar tsandauri ta Kakuri.

In injin rimot ya fi ɗaya a wuri, kowane akwati ya zama an ɗaura shi da injinsa kaɗai, a kuma rubuta lamba babba a jikin duka biyun. Mutum ya ɗauki akwatin da ba nasa ba, yana kallon wannan inji wancan na bayansa yana motsi, kuskure ne mai sauƙin faruwa da asuba. Akwatin ajiya kuma a kulle shi, kada biyu su taɓa kasancewa a kunne a kan inji ɗaya. A 2019 masu bincike na kamfanin Trend Micro sun nuna cewa da yawa daga rimot ɗin masana'antu ana iya naɗar siginarsu a sake aika ta, inji ya bi umarnin baƙo. Ban ɗauki wannan a matsayin babbar barazanarmu ta yau ba, amma dalili ne na tambayar ko lambar sirrin tana sauyawa.

Wanda ake tallata masa nau'in kamara da ke bi ta layin waya, ya tuna ƙarshen Satumbar 2021, lokacin da aka katse sadarwa a wasu sassan jihar nan saboda tsaro, har da Birnin Gwari, aka yi kusan wata biyu kafin a ba da umarnin dawo da ita. Ko sabis yana nan, akwai jinkirin hoto. Injin da ke gudun kilomita 10 a awa yana cin kusan mita 3 a daƙiƙa ɗaya. In hoton ya makara da rabin daƙiƙa, abin da kake gani a allo ya wuce da kusan mita ɗaya da rabi.

Batun nakiya kuwa na masu fasa dutse ne kai tsaye. Kan nakiya irin na lantarki, mai wayoyi biyu, yana iya tashi in wayoyinsa suka tsinci ƙarfin rediyo daga kusa, shi ya sa tun can ake hana kunna oba-oba da waya a wurin ɗura nakiya. Akwatin rimot yana cikin wannan hani. Lokacin ɗuri a kashe shi, a fitar da shi daga filin, kuma mai lasisin tayar da nakiya ne zai faɗi tazarar, ba mai inji ba. Haka nan ramin da ake zargin iskar gas mai kamawa, kamar na kwal, yana buƙatar kayan lantarkin da aka ƙera don kada su yi tartsatsi, masu shaidar ATEX ko IECEx.

Na hannu, da wanda aka haɗa a gida

Gaskiyar kasuwarmu ita ce kaɗan ne za su sayi sabo dal. Ko dai ɗan Beljiyam, ko a sayo kayan rimot daban a ɗora wa tsohuwar eskabeta. Na hannu matsalarsa ba a san abin da aka cire masa ba. Na'urar tsaro tana damun mai gaggawa, tana tsayar da aiki, sai wani a can baya ya haɗe wayoyinta ya huta. Daga waje ba a gani. Sai an buɗe akwatin wuta an bi waya ɗaya bayan ɗaya, an kuma yi gwajin da aka ambata a sama.

Ɗora rimot a kan tsohon inji kuwa, ba na shakkar hannun maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna. Sun ƙera abubuwan da suka fi wannan wuya. Sa sanda ta motsa daga nesa ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne tsara abin da zai faru ranar da waya ta tsinke, ko fiyus ya ƙone, ko wani bawul ya maƙale a buɗe, yadda kowace lalacewa za ta ƙare a tsayawa, ba a gudu ba. Wannan lissafin injiniya ne, kuma a garin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take da sashen injiniyan ma'adinai ba a rasa wanda zai duba. Kuma injin da birkinsa ya riga ya yi sanyi, ko hannunsa yake sauka da kansa saboda yoyon mai, rimot ba zai gyara shi ba. A gyara inji tukuna.

Ƙura, zafi da damina

Hunturu yana toshe maɓallai yana dushe gilashin kamara. Zafin Maris da Afrilu yana cin batir, kuma batirin da aka bari a gaban mota a rana yana iya kumbura. Damina ta kawo laima da tsawa. A duba lambar IP da ke jikin akwati: IP65 na nufin ƙura ba ta shiga kuma yana jure feshin ruwa, IP67 yana jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci. A tambayi inda za a samu batir da sanda da eriya in sun lalace, domin rashin kayan gyara shi ke sa a fara dabarar ɗaure waya da leda.

Lokacin gyara

Wannan wurin ya cancanci a tsaya. Tiyo ya fashe, bakanike ya shiga ƙarƙashin hannun injin. Akwatin rimot yana kan benci can gefe. Wani yaron gida ya ɗauka yana dubawa, ko mai sarrafawa ya dawo daga salla bai san da mutum a ciki ba. A tsohon tsari sai an hau inji kafin a tayar da shi, mai hawa kuma zai ga bakanike. Yanzu ana iya tayar da shi daga inda ba a ganin kowa.

Maganin ba ya cin kuɗi. A sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a kashe babban makunnin batir a sa masa kwaɗo, mabuɗin ya shiga aljihun wanda yake gyaran, akwatin rimot ma ya kasance a hannunsa ko a kulle. In mutum biyu ne ke gyara, kwaɗo biyu. Sannan a sauke matsin man haidurolik, domin kashe inji ba ya fitar da shi. Matsin da ke cikin tiyon eskabeta yana haura 300 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", ya isa ya huda fata ta ƙaramin rami ya shiga tsoka. Raunin yana kama da tsinin ƙaya, amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa ko hannu in ba a kai ga likitan tiyata da wuri ba. Ba a neman yoyon mai da tafin hannu. Kwali ake karawa.

Haka in inji ya maƙale ko ya mutu a cikin wurin da aka tura shi don gudun haɗari. Kuɗi ne masu yawa kwance a gindin bango mai tsagewa, kuma zuciyar mai shi za ta ce a tura yara biyu su ɗaura masa sarƙa da sauri. In haka za a yi, an gudu ba a tsira ba. Tun kafin ya shiga ake ɗaura masa igiyar ƙarfe ta ja, ko a shirya wani injin da zai fisgo shi daga nesa.

Me doka ta ce?

Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne bisa tsarin mulkin 1999, kuma dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 su ne ke aiki. Ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ke ba da lasisi, sashen sufetoci na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya kuma shi ke duba lafiyar aiki da binciken haɗari. Nauyin kare ma'aikaci yana kan mai lasisi, ko wane irin inji ya kawo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Sayen inji na zamani ba ya halatta ramin da ba shi da takarda, musamman tun da aka ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga cikin jami'an sibil difens a 2024.

Masu so, masu tsoro, da abin da ya rage wa talaka

Masu goyon baya suna cewa ran mutum ɗaya ya fi kuɗin inji, kuma a wuraren da aka ambata da farko suna da gaskiya. Direbobi suna tsoron aikinsu, sai dai nau'in da ake kallo da ido bai rage mutum ba: inji ɗaya, mai sarrafawa ɗaya, har ma da ƙarin mai gadin shinge. Wanda abin zai fi taɓawa shi ne lebura mai diga da shebur, kuma shi kowace eskabeta ma tana rage masa aiki, da rimot ko babu.

Inda na fi jin tsoro shi ne ƙarfin halin da inji ke sa wa mai rami. Da yake ba kowa a kujera, sai a yarda a yi tono a ƙarƙashin bangon da da ba za a kusance shi ba, a bar shi a miƙe ba a yi masa matakala ba. Da yamma inji ya fita, masu tsintar dutse da masu wankin ƙasa su shiga wannan ramin da ƙafarsu. An kare mutum ɗaya, an ƙara wa hamsin haɗari.

Kuma mafi yawan abin da ke kashe mutane a harkar haƙa a yankinmu ba ya jin rimot. Loton da mutum ke shiga da igiya da tocila, babu injin da zai shige shi. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara a 2010, ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Neja a 2015, daga niƙan dutse a cikin gida ta fito. Zaibar da ake ƙonawa don tace zinare, da ƙurar dutse mai cin huhu, suna nan. Ga ƙungiyar ƙananan mahaƙa mai ɗan jari, famfon janye ruwa, katakon tokare rami, da fitar da niƙa daga cikin gari za su ceci rayuka fiye da akwati mai eriya.

Da yawa ma ba saye za su yi ba, haya za su ɗauka na kwanaki, kuma nan ne nauyi yake ɓacewa tsakanin mai inji da mai rami. A rubuta a takardar hayar wanda zai sarrafa injin da shaidar horonsa, wanda zai riƙe akwatin ajiya, wanda zai killace fili, da wanda ke da ikon cewa a tsaya in bango ya fara zubar da tsakuwa. Gwajin zare batir kuma a yi shi a gaban mai rami ranar da aka sauke injin daga tirela, sannan kowace safiya kafin bokiti ya taɓa ƙasa.